Yatsun Magagi

"To ki sake faɗa gaban Gwaggo! Sake faɗa in ji!"

Isufu ne, ɗan wana, tsaye tsakar ɗaki da lambar yabo ta soja a hannu, yana kaɗa ta gaban matarsa Balkisa kamar zai cusa mata ita a ido.

"Sau goma ma sai in faɗa, Baban Ummul," in ji Balkisa. "Kakanka Manzo bai taɓa wuce kasuwar Filinge ba. Kakana Magagi shi ya tahi yaƙin Jamus."

Ni ina bisa tabarma, na duƙar da kai ina ɓarar gujiya kamar ban san inda wutar ta taso ba. Alhali ni na kunna ta.

Meri ce, wato ma'aikatar magajin gari, ta gina bango, anka ce za a rubuta sunayen mutanen Kurfai da sunka je yaƙin Turawa. Mai fenti zai fara yau bayan la'asar, gobe manya su zo a yi biki. Isufu ya kai takardar soja mai sunan Manzo, har ya ɗinka babbar riga. To shekaranjiya Balkisa na yi mini kitso, hannunta kuwa akwai daɗi, sai bakina ya saki. Ta tahi wurin sakataren meri. Ya ce shi takarda ya sani, sai in wani babba daga gidan Manzo ya zo ya faɗa da bakinsa kafin a sa fenti. Babban da ya rage kuwa ni ce. Manzo ubana ne.

Isufu ya durƙusa gabana, ya sassauta murya. "Gwaggo Indo, ki ce mata tatsuniya kika yi. Tsufa ne."

"Wa ya tsufa? Uwarka dai."

"Gwaggo, don Allah."

Na ture kwaryar gujiya gefe. Na ce lokacin da kumandan, Baturen mulki, ya nemi samarin soja, sunan Baba ya fito cikin takarda. Baba kuwa ɗan ƙanwar mai gari ne. Sai anka kamo Magagi, wanda ba shi da mai tsaya masa, anka ce daga yau in Bature ya kira Manzo, kai ne. Anka tara manyan gari gindin tsafi, kowa ya rantse ba ya faɗa.

"To ke mi ya sa kika faɗa?" in ji Isufu.

"Ina cikin ciki sannan. Ba a rantsar da ni ba."

"Ashe ba ki ma gani ba! Jita-jita ce!"

"Tafiyar ban gani ba. Ranar lamba na gani, ina da shekara bakwai ko takwas. Kumandan ya kira Manzo. Magagi ya ɗaga ƙafa, taki ɗaya, don shekara biyar yana amsa sunan nan, sai ya tuna ya tsaya. Baba ya fita da yatsunsa goma cif, anka maƙala masa. Magagi na riƙe da linzamin dokin Baba da hannun hagu, don na dama yatsa biyu sunka rage masa, sanyin can ƙasar ya cinye sauran."

Balkisa ta toshe baki da gefen zane. Ita ta san hannun, da shi ya riƙa ba ta fura tana ƙarama.

Isufu ya miƙe. Jijiyar wuyansa ta tashi. "Kun san abin da za a ce ranar kasuwa? Ga jikan wanda ya ɓuya. Ɗiyanmu fa, da wane ido za su shiga makarantar lakkol?"

"Ɗiyanmu jinin Magagi ne su ma," in ji Balkisa. "Ko ka manta wa ya haife su?"

"Ke yi mini shiru!"

"Shekara saba'in muna shiru a gidanmu. Ya isa."

Ya juyo kaina. "Gwaggo, gidan wa kike? Geron da kike ci daga rumbun wa yake fitowa?"

Gaskiya nan gabana ya faɗi. Ba ni da ɗa namiji, ba ni da gona, ɗakin da nike kwana shi ya yi masa rufi. Kuma Baba bai taɓa ɗaga mini hannu ba, in ya dawo kasuwa ni yake fara ba alewa. Amma ban taɓa ganin ya sake sa lambar nan ba, cikin tukunya ya jefa ta, Isufu ne ya tono ta ya goge da toka.

Ladan ya kira la'asar.

"Balkisa," na ce, "miƙo mini sandata. Takalmana na bayan randa."

"Gwaggo, ubanki ne fa!"

"Na sani, Isufu. Na fi ka saninsa."

Ya dube ni, ya dubi matarsa da ta riga ta duƙa tana sa mini takalmi. Ya cusa lambar cikin aljihu, ya tsallake kwaryar gujiyata, ya fita ya buga ƙofar kwano har ƙasa ta zubo daga bango.