Zabon Dattijon Dalijan

…kuma tun da aka kafa Gwandu ba a taɓa zaluntar namiji kamar ni ba. Shekara ashirin da biyu da aure, Sa'adiyya ba ta taɓa soya mini zabo sukutum ba, yau ga shi cikin kula, ɗaure a bayan mashin ɗina, wai in kai gidan rediyo a ba wani ƙato. Dattijon Dalijan! Mai bugo waya ran Juma'a yana yi wa mazaje nasiha… wanda kuwa ni ne. Ni Abdulgani, a bayan rumbu, hankici a baki, murya ƙasa-ƙasa.

"Ka ji masu hankali, Malam," in ji ta. "Kai ko sai surutu."

Surutu! Da wanga bakin dai?

To tsaya… Sa'adiyya ta yarda Dattijo mai hankali ne. Dattijo ni ne. Ashe ta yarda ni mai hankali ne — ina kuskure a nan? Lukuman, abokina mai koyar da mantiƙi, ilimin kafa hujja, a jami'a a Kalgo, sai da shayi ya sarƙe shi don dariya. Wai in an ce Dattijo ya faɗa kwata, to Abdulgani ya faɗa, ƙafar ɗaya ce. Amma da zarar an ce "ta yarda cewa", an shiga duniyar da ke cikin kanta, can kuwa mu biyu ne: ɗaya da rawani, ɗaya yana neman silifas ɗinsa. Wai ba ta saɓa wa kanta ba.

Boko ke nan. A raba mutum biyu, a ba rabin da ba shi da ciki nama.

Ƙamshin nan kuwa… bari in tsaya gindin darbejiyar can. In na faɗa mata gaskiya fa? Mu haɗe mu zama ɗaya — amma wanne? Ni in hau, ko shi ya sauko? Na san halinta, saukowa zai yi. Yabo ɗaya tak da na samu a gidana…

Leƙawa kawai zan yi. Cinya ɗaya, ladan ɗan aike.

Babu albasa. Ko yanki. Wa ya gaya mata Dattijo ba ya cin albasa? Ni kaɗai ne ba na ci a dangi duka… Tun yaushe ke nan ta sani? Wata uku da Dattijo ya ce miji nagari shi ke ɗebo wa matarsa ruwa, tun ranar nake jido jarka huɗu kullum, tana zaune tana murmushi…

Ba wanda ya aike ni. Ni na faɗa, Kebbi duk ta ji.