Ɓerayen Auta Sun Tashi

Shekara talatin da biyu Kande ta Ruwan Bago ta yi tana riƙe wa mijinta kaza. Marigayi Malam Aƙilu mai ɗori ne, kuma yana da tasa hanyar. In aka kawo masa mai karaya, sai ya karya ƙafar kaza, ya ɗora su tare, magani ɗaya, kara iri ɗaya. Ranar da kazar ta taka, ranar mai karaya zai sauke ƙafa. Kande ta ga haka ya fi a ƙirga. To wa zai ce mata ba haka duniya take ba?

Autarta Ikilima ce ta gaji aikin ƙashi, amma ta hanyar boko, can a wata jami'a a ƙasar waje. Ta taɓa yi wa uwar bayani a waya.

"Inna, a cikin ɓargo akwai ƙwayoyin halitta da ba su riga sun zama komai ba. Mu kuma muna haɗa wani abu mai kauri kamar kamu, da 'yan zarurrukan furotin, mu kwaikwayi saƙar ƙashi. In aka zuba a gurbin karaya, sai ƙwayoyin su bi shi kamar yadda kabewa ke bin danga, su zama ƙashi."

"A kan wa kuke gwadawa?"

"Ɓeraye."

Kande ta yi dariya har da hawaye. "Uba da kaza, 'ya da ɓera. Allah Ya shirya gidan nan!"

Ana tsakiyar cirar gyaɗa, ran kasuwar Rogo, mashin ya kayar da ita a hanyar dawowa. Ƙashin ƙauri ya karye har ya huda fata. A asibiti aka wanke, aka naɗe, aka ce a wuce Kano a yi aiki cikin makon. Babban ɗanta Sabi'u ya samo mota. Sai ta ce a kira mata Auta tukuna, kuma kada wanda ya kuskura ya faɗa wa yarinyar maganar karayar, tana kan jarrabawar ƙarshen zango.

"Auta, yaya ɓerayenki?"

"Inna, sun tashi! Sati shida ƙashin ya haɗe, yanzu gudu suke."

"Alhamdu lillahi. In za ki zo hutu ki taho mini da maganin."

"Ɓerayen rumbu za ki yi wa ɗori, Inna?" Ikilima ta ce tana dariya.

Kande na ajiye waya ta ce a sallami direba.

"Inna, ƙafar nan fa ba ta jira," in ji Sabi'u.

"Kai gyaɗa ka sani. Dabba ta tashi, mutum zai tashi. In je a cusa mini ƙarfe, alhali 'yata na riƙe da magani? Kuma in ka faɗa mata, ban yafe ba."

Kun san nauyin wannan kalma a bakin uwa. Sau biyu ya sake kawo mota, sau biyu ta koma ba kowa. Da ɗakin ya fara wari, sai ta sa aka riƙa kunna turaren wuta.

Bayan sati bakwai, Ikilima ta iso da akwati. Tun daga zaure warin ya tare ta. Ta ɗaga zanin da aka rufe ƙafar uwar da shi, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Bar kuka, ɗauko," in ji Kande.

A cikin akwatin atamfa ce, da turare, da takalmi mai laushi da ta zaɓo wa uwar.

"Inna, ko tunkiya ba a gwada wa ba tukuna. Kafin a sa wa mutum, shekara goma ma sai Allah."

"Ba ke kika ce sun tashi ba?"

"Ɓeraye, Inna."

"To?"

Ikilima ta rufe akwatin, ta ce Sabi'u ya kawo mota.

A Kano likita ya ce ruɓa ta cinye ƙashin, da an zo da wuri da an ceto ƙafar. Aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Ranar da Ikilima za ta koma, ta durƙusa tana neman gafara. Kande na zaune a tabarma, takalmin nan ɗaya a ƙafarta, ɗayan yana cikin leda ba a ko kwance shi ba.

"Je ki, Allah Ya ba da sa'a," ta ce. "Amma ubanki bai taɓa tayar da kaza ya bar mutum a kwance ba."