Hannun da Ke Kan Birki

Hantsi ya ɗaga, zafin bazara ya fara cizo, Jamilu makaniki yana tsugune gaban moton Malam Almustafa, ma'aikacin lafiya, a bakin hanyar da ke fita Tawa zuwa Affala. Iska ta shiga birkin gaba, in an matsa sai ka ji kamar burodi. A bayan babur ɗin an ɗaure akwatin ƙanƙara cike da allurar rigakafin yara. In ƙanƙarar ta narke kafin ya isa ƙauye, allurar ta lalace, matan da ke jira su koma gida haka nan.

"Likita, matsa, ƙara matsawa, riƙe," in ji Jamilu. "Kar ka saki sai na ɗaure notin ga, in ba haka ba iskar komawa takai."

Ya kwance notin, man birki ya fara fitowa da kumfa. Sai ga wani makiyayi ya yi sallama.

"Likita, ina gajiya? Ina iyali?"

Malam Almustafa ya saki birki ya miƙa hannu. Jamilu yana kallo iskar ta koma ciki. Ya ƙara mai, aka sake. Aka kusa gamawa, sai ga mai gadin asibiti. Bayansa wani da aka taɓa ɗinke wa ƙafa.

"Riƙe da hagu mana, Likita."

Ya riƙe da hagu. Liman ya taho, shi kuwa da hannu biyu ake gaida shi.

"Jamilu, ruwa ya fara ɗiga daga akwatin nan fa."

"To mi zan yi? Tawa duka ta san ka."

Haula mai ƙosai, da ke kallonsu daga gindin itacen bedi, ta goge hannu da zane ta taso.

"Kauce, Likita. Ni ba mai ba ni hannu. Je ka can ka yi ta gaisuwarka."

Ta matsa, ta riƙe gam, tana amsa sallama da baki. Kumfa ta ƙare, mai ya fito garau. Jamilu ya ɗaure noti, birki ya yi tauri.

Malam Almustafa ya haye, ya ba shi wuta, ko waiwaye bai yi ba.

Jamilu yana tattara ƙarafansa ya ji ƙauri. Haula ta koma gaban kasko, tana tsame baƙaƙen ƙosai tana ajiyewa gefe. Ta zuba sabon ƙullu.