Ƙofar Motar Masauso

"Ku janye min ita daga ƙofar gida," in ji Amake Masauso, wato mahaifiyar Masauso, daga kan tabarma, numfashinta na fita da ƙyar. "Ko gawata ba za ta hau motar nan ba."

Sajan Njobvu yana tsaye a bakin ɗaki, hula a hannu, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Ni na aika aka kira shi, don haka ni na sha harara ta farko. Gidana da nata ko kajinmu ba su san iyaka ba, kuma tun da aka ɗaure ɗanta ni nake kai mata nsima, tuwonmu na masara, da miyar ganyen kabewa.

"Esinati, ke ce munafukar ko?" ta ce da ni.

"Ni ce, Mama. Ki zage ni a asibiti, can za ki fi samun ƙarfi."

Motar a-kori-kura ce, irin wadda ba ta tsoron laka. Masauso ya saye ta da cinikin katakon mukula, itacen da aka hana sara. Da dubunsa ta cika, kotu ta ɗaure shi, ta ƙwace motar ta ba ofishin 'yan sandan garinmu Kalongwe, aka shafa mata fenti aka rubuta sunansu a jiki. Kafin nan keke ɗaya gare su, mai ƙararrawa babu birki, har ɓarayin shanu kan ɗaga musu hannu in za su wuce.

Ba zan yi ƙarya ba, motar ta yi mana rana. A bayanta 'yata ta isa asibiti da naƙuda ta zo mata a karkace. Amake Masauso ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, daga baya ta zo barka da sabon zane, ba ta ce komai a kan motar ba. Ta rantse ba za ta ƙara kallonta ba, amma kunne ba ya rantsuwa. Ƙofar gaba ta hagu ba ta rufuwa sai an ɗan ɗaga ta, 'yan sanda kuwa bugu suka sani. Ofishinsu na tsallaken titi, duk garam ɗin da suka yi sai ka ji ta daga madafa: "Ku ɗaga ta, 'yan banza! Ubanku ne ya saya?"

Yanzu ga ƙirjinta ya cushe, ruwa ya yi kwanaki yana zuba, rafi ya hau gada, motocin haya sun daina zuwa. Duk Kalongwe babu abin da zai haye sai wannan motar.

"Mama," in ji Sajan a hankali, "ba ni na kama shi ba. Kotu ce ta ba mu."

"Kotu ce ta haife shi?" Ta yi tari mai tsawo. "Na san abin da ya yi, ɗan nan. Na ce ya bar itacen nan, bai ji ba. Amma kujerar gaba tawa ce, shi ya ce tawa ce. Ba zan zauna a kanta wani na tuƙi ba."

Na ji kamar in girgiza ta don haushi. Sajan ya juya hularsa a hannu, ya dubi ƙasa.

"Hanyar asibiti ta gaban gidan yari ta bi," ya ce. "Mai kula da wurin tare muka yi horo. Ban yi miki alkawari ba, amma zan roƙa."

Rabonta da ganin Masauso tun girbin bara, da gwiwa ta hana ta hawa bas. Sai ta juyo ta dube ni.

"Esinati, ɗauko min zanen coci. Akwai soyayyar gyaɗa a tukunyar can, ki ƙulle min."

Mun shimfiɗa mata katifa a baya, ta ce ita ba buhun masara ba ce. Muka riƙo ta zuwa gaba. A ƙarƙashin ƙofar akwai ɗan matakin ƙarfe da Masauso ya sa mai walda ya liƙa saboda gwiwarta, an bi shi da fenti amma yana nan. Ba ta ko duba ba, ƙafarta ta same shi. Na shiga tsakiya, ita a gefen taga. Sajan ya kama ƙofar.

"Ɗaga ta."

Ya ɗaga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ƙarshe dai ya buga ta garam, ita kuwa ta ja tsaki da duk ƙarfin da ya rage mata.

Tun daga garin har rafi faɗa take yi. Injin yana kukan yunwa, ba sa ba ta mai na kirki. Wa ya cire ɗan labulen da ta ɗinka? Sajan ba ya cewa komai sai "To, Mama." A bakin ruwa ta miƙe zaune.

"Giya ta ɗaya, kuma kada ka tsaya a tsakiya. Ta san hanya, kai ne baƙo."

Ruwa ya kai mana ƙofa, ni ina ta kiran sunan Allah, motar ta haye tana huci. Amake Masauso ta shafa gaban motar kamar mai shafa wuyan saniya, sannan ta jingina da kafaɗata.

"In na yi barci ki tashe ni a ƙofar. Kada ya gan ni baki buɗe."

Mun wuce gonakin auduga, mun hau kwalta. Can na ji nauyinta ya sauya a jikina. Na kira ta, na ƙara kira, ashe numfashi ya tsaya. Na gyara mata baki da ɗankwali, hawaye suka hana ni gani.

Sajan ya rage gudu, ya cire hularsa ya ajiye a cinya. "Asibiti za mu wuce?"

"Ka ce za ka roƙa," na ce.

Ya daɗe a ciki. Da ƙaramar ƙofar gidan yarin ta buɗe, ga Masauso cikin kayan fursuna, ya rame, gandiroba na biye da shi. Motar ya fara gani, fuskarsa ta ɗaure. Sai ya hango ta a kujerarta, da zanen coci, ya taho da sauri yana murmushi.

"Mama, ashe kin yarda kin hau?"

Ya buɗe ƙofar, ya dube ni, ya gane. Ya durƙusa a kan matakin nan, ya kifa kansa a cinyarta. Ba wanda ya ce masa ya yi sauri. Na zura masa ƙullin gyaɗar a hannu.

Da gandiroba ya dafa kafaɗarsa, ya miƙe ya share fuska. Bakin zanenta ya sauko waje, ya tattare shi ya mayar ciki don kada ƙofa ta kama. Sannan ya sa tafin hannu a ƙarƙashin ƙofar, ya ɗan ɗaga, ya tura. Ta rufu, ko ƙara ba ta yi ba.