Ƙunshin Goro Zuwa Kanada

Mma Azaratu ta shekara arba'in tana ƙunshe goro a Zangon Kumasi, ita da mijinta marigayi Sumana. A wurinsa duniya kashi uku ce. Akwai ƙasar ruwa irin Kumasi, mai damina biyu a shekara, inda ganye kaɗan ya isa. Akwai ƙasar ciyawa, daga Tamale zuwa Sakkwato. Sai ƙasar rairayi kamar Agadas, inda ake ninka ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure tam. Allah ya jiƙan Sumana, da ya ji sunan gari hannunsa ya san ganye nawa zai ɗauka.

To, sai aka yi wa ɗansu Nurudeen haihuwar fari a Kanada. Wani maƙwabci zai tashi zuwa can jibi, Mma Azaratu ta rantse ba za a raɗa sunan jikanta babu goron gida ba. Amma wane ƙunshi? Ganye ya yi yawa, goro ya ruɓe. Ya yi kaɗan, ya bushe kamar tsakuwa.

'Yarta Sherifa, malamar makaranta a unguwar Krofrom, ta iske ta zaune gaban kwando.

"Mma, masana kashi biyar suka yi wa duniya. Suna auna zafi da ruwan sama na shekara talatin, su duba abin da ke tsirowa. Akwai mai zafi da ruwa, akwai busasshiya, akwai matsakaiciya, akwai mai ƙanƙara, sai ƙarshen duniya inda ko itace ba ya fita."

"Babanki da uku ya ciyar da ku. Kanada fa?"

"Ta huɗu. Ƙanƙara ai ruwa ce, ki rage ganye."

"Ke da allo kika sani. Kira min yaron."

Da ya ɗauka, ba ta tambayi sanyi ba. "Nuru, in ka shanya riga a ɗaka, yaushe take bushewa?"

"Kafin la'asar, Mma. Na'urar ɗumama ɗaki har leɓe take fasa mana."

Ta ajiye waya, ta jawo ganye. "Agadas ce, ta sa rigar sanyi kawai."

Ranar suna Nurudeen ya kira, ya kara waya kusa da hannunsa, ya ɓare goro ƙwaya ɗaya. Ƙas! Mma Azaratu ta ce ya ɓare wata, wai ba ta ji da kyau ba.