Abin da Digby Ya Dawo da Shi

Digby kare ne mai jikin uwarsa a kan ƙafafun ubansa. Uwar irin karnukan mafarauta ce, masu faɗawa ruwa su ɗauko agwagwar da aka harbo ba tare da haƙori ya huda ta ba. Uban kuwa wani gajere ne daga gonar madara a bayan garinmu Colac, aikinsa bin shanu yana cizon dunduniyarsu har su shige garke. Yadda aka yi suka daidaita tsayi, wannan sai su. Abin da ya fito dai shi ne Digby: ƙaton kai, gashi ruwan zuma, ciki yana share ciyawa.

Halin kowanne ya ɗauko. In ya ga ɗan gida ya ware waje, zai bi shi da turi da ɗan cizo a dunduniya har sai ya mayar da shi ciki. In kuma aka jefa wani abu, kome ne ne, sai ya ɗauko ya kai ƙofar gida, ya tsaya da shi a baki har wani hannu ya karɓa. Idan biyun suka haɗu, na uwar ke rinjaye. Na sha ganin yana tsaka da korar jikokin gidan, wani ya wurga ƙwallo, ya bar su suka watse.

Gidan na Clarrie Hosking ne, katanga ɗaya da ni. Matarsa Dulcie ce ta kawo karen yana kwikwiyo. Clarrie ya rantse ba zai ciyar da abin da ba ya aiki ba, ƙarshe da shi suke raba gasasshen burodin safe. Da Dulcie ta rasu sai gidan ya rage tsoho da kare da malafa. Malafar tsohuwa ce, gumi ya rina gindinta, kuma ban taɓa ganin Clarrie ya taka waje ba ita ba. Ko a wurin binne Dulcie a ƙirji ya rungume malafar kamar wani zai ƙwace.

Wata safiya Clarrie ya faɗi a wajen shanya, ni na ji nishinsa ta katanga na kira motar asibiti. Daga nan 'yarsa Raelene ta zo daga birnin Geelong da shirinta a kammale: ta samo masa ɗaki a wani gidan kula da tsofaffi kusa da ita, za a sayar da gidan, kare kuma ba a shiga da shi can, don haka ni zan riƙe. Jinina bai taɓa haɗuwa da na Raelene ba tun tana yarinya, amma a wannan ban ga laifinta ba. Shi kuwa Clarrie abu ɗaya yake so, a bar shi ya ƙarasa kwanakinsa a gidansa.

Ta daidaita zuwanta da makon kwashe tarkace, lokacin da kowa ke jibge abin da ya gaji da shi a ciyawar bakin titi kafin motar ƙaramar hukuma ta zo. Abin da ya taɓa ciyawar nan ya tashi daga naka. Duk wanda ya gani yana so sai ya ɗauka, ba tambaya, ba godiya.

Raelene ba ta ajiye kaya, jefawa take yi. Ta jefa silifas ɗin Dulcie a kan tulin, Digby ya dawo da su. Ta jefa jakar saƙa, ya dawo da ita yana jan zare a baya. Wani tsohon ludayi kuwa ya sha zuwa da dawowa. Clarrie na zaune a baranda yana karɓa ɗaya bayan ɗaya, yana tarawa a cinya.

"Baba, ka yi wa karen nan magana," in ji Raelene.

"In ce masa me? Ke kina jefawa, shi yana ɗaukowa. Kowa da aikinsa."

"Tun safe nake fitar da ludayin nan."

"To mu yi haka, 'yar nan. Abin da ya dawo da shi, ya zauna."

"Na ji, ya zauna. Da waɗannan ƙafafun me zai iya ɗauka, firji?"

Ina tsaye a bakin katanga da kofin shayi, na ga yadda tsohon ya yi murmushi, na san akwai magana.

Da rana ta yi sanyi Raelene ta jawo kujerar Dulcie, wata koriya mai hannu da ta lotsa a tsakiya, ta kai ta ciyawa. Clarrie ya gyara malafa, ya ɗauki sandarsa, ya sauka daga baranda a hankali, ya je ya zauna a cikinta tsakanin tsohuwar katifa da injin yankan ciyawa da ya mutu.

"Baba, me kuma kake yi a nan?"

"Na ga ana fitar da tsofaffin kaya."

Ba a jima ba wani mai akori-kura, cikin masu zagaya unguwa a irin wannan mako, ya tsaya ya leƙo.

"Baba, kujerar ta tashi ne?"

"Ta tashi, amma da na cikinta. Ba a rabawa."

"A'a, ka rufa min asiri. Uwargida ta ce kar in ƙara kawo abin da ke cin abinci."

Maƙwabta da ke fitar da nasu kayan suka yi dariya. Digby bai ga abin dariya ba. Ya zo ya zagaya kujerar, ya sa hanci a bayan ƙafar Clarrie, ya kama bakin wandonsa. Tsohon ya miƙe kamar ba ya so, karen na biye yana turi, daga ciyawa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa baranda. Sai da ya zauna ya numfasa sannan ya dubi 'yarsa.

"Magana zarar bunu ce, Raelene. Ya dawo da ni."

Tana riƙe da kwali. Ta ajiye shi a ƙasa, wannan karon ba ta jefa ba.

"Baba, ran nan da Anti Merle ba ta gida fa? Da a ƙasa za ka wuni. Digby ba ya iya ɗaga waya."

Clarrie ya sunkuyar da kai yana juya ludayin a hannu. Na ji tausayinsu su biyun, na kuma ji haushin sa sunana a ciki. Na zubar da sauran shayin na shige gida.

Da safe motar tarkace ta kwashe kome, sai shatin kujera a ciyawa. Raelene ta ce in riƙe karen har su tafi. Na kama abin wuyansa. Clarrie ya fito da malafa a kai da jaka ɗaya, bai yarda ya dubi Digby ba, ni ya duba.

"Merle, ba ya cin busasshen abinci sai an jiƙa masa. Kuma kar ki jefa abin da ba ki so ya dawo."

Mota na tashi, karen ya zame kansa, ya bar min abin wuya a hannu. Layinmu gajere ne, ƙarshensa babban titi ne inda tankokin madara ke wucewa ba su san birki ba. Digby ya bi motar yana kai cizo ga tayar baya. Raelene ba za ta gan shi ba, ya yi ƙasa da yawa. Na ƙwala masa kira, ko waiwaye.

Suna dab da babban titi sai gilashin gefen Clarrie ya sauka. Hannu ya fito, malafa ta tashi sama, ta faɗo tana mirgina zuwa baya.

Digby ya ja birki da ƙafafu huɗu. Ya dubi motar, ya dubi malafar. Sai ya juyo ya ɗauke ta a hankali, ya kamo hanyar gida, bakinta na jan ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Motar ta sha kwana. Na hango kan Clarrie ta gilashin baya, fari fat, ban taɓa sanin sanƙonsa ya kai haka ba.

Karen ya wuce ni bai tsaya ba. Ya hau barandar Clarrie ya zauna a gaban ƙofa da malafar a baki. Na bi shi, na durƙusa, na miƙa hannu. Ya kau da kai, ya ci gaba da kallon ƙofar.