Tabaraun Yaya

Da na kammala digirin dakta a fannin ilimi, farfesana ya ce in jira gurbin koyarwa a jami'a. Shekara biyu ina sintiri a sashen, har masinja ya daina amsa gaisuwata. Sai Yaya, wanda ya riƙe ni tun rasuwar Baba, ya ce kamfanin lemon da yake tuƙa wa motar ɗaga kaya yana neman jami'in horarwa. Aka ɗauke ni gwajin wata uku.

Aikina na farko shi ne shirya wa direbobi jarrabawa. Manaja ya ce duk wanda ya faɗi, a bakin aikinsa. Ni kuwa na zage na zuba tambayoyi arba'in da manyan kalmomi, don a san dakta ta zo.

Ranar jarrabawa ina zagaya ɗakin taro, na tsaya a kan Yaya. Minti ashirin sun wuce, ban da sunansa babu komai a takardar.

Na yi ƙasa da murya. "Yaya, lokaci na tafiya."

"Na manta tabarauna, Auta."

Tun ina firamare haka yake ce min in na kawo sakamako: karanta min, na manta tabarauna. Sai yanzu na tuna ban taɓa ganin tabaraun nan ba. Ni mai kundi guda kan auna fahimtar ɗalibai, ban san yayana bai iya karatu ba. Kunya ta rufe ni. Da na waiga, na ga wasu biyar su ma biro kawai suke juyawa.

Manaja ya leƙo yana duba agogo. "Saura minti goma, Dakta."

"A ajiye biro," na ce. "Ranka ya daɗe, jarrabawar nan ba ta da inganci. Karatu take aunawa, ba tuƙi ba."

"Wa ya rubuta ta?"

"Ni."

"To, ko dai ba ki iya aikinki ba, ko kina rufa wa ɗan'uwanki asiri. Wanne zan sa a fayil ɗinki?"

"Na farkon. Amma a fita fili, in yi tambayoyin da baki, kowa ya tuƙa mu gani."

Manaja ya buɗe littafinsa. "Kwalba ɗaya ta fashe a hannun yayanki, ku biyu za ku kama hanya."

Tambayoyin baka Yaya ya amsa su tas, har da gyara min ɗaya. Sannan ya hau mota, ya ɗaga akwatunan lemo zuwa kanta ta huɗu. Akwatin sama ya yi tangal-tangal. Yaya ya ja baya kaɗan, ya sauke su a hankali, ko ƙara ba a ji ba. Manaja ya yi rubutu a littafinsa, ya ce, "Na gaba."

Da aka tashi na tarar da Yaya a bakin ƙofa yana jirana. Ya ƙi haɗa ido da ni.

"Auta, littafin digirin nan naki mai baƙin bango da kika ba ni, yana kan durowa shekara biyu. Matata ta ce akwai sunana a shafin farko." Ya share gumi da hularsa. "Me kika ce a kaina?"